Bin gaɓar teku a motar bas da jakar goyo: a kama gado tun da wuri ko a bari sai an isa?

Sabon Matafiyi ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Ina shirin yin amfani da hutun da ke tafe in bi gaɓar teku daga gari zuwa gari a motar bas ta kowa da kowa, da jakar goyo guda ɗaya, ina kwana a masaukan haɗaka da ake kira hostel, inda mutum yake biyan kuɗin gado maimakon kuɗin ɗaki. Ban taɓa yin irin wannan tafiya ba, kuma har yanzu ban tsayar da gaɓar da zan bi ba, domin ina so in fahimci yadda abin yake gudana kafin in zaɓi ƙasa.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne batun kama gado. Wasu sun ce mini duk daɗin wannan tafiya yana cikin 'yancin da take ba mutum, wato idan gari ya yi masa ya ƙara kwana, idan bai yi masa ba ya ɗauki jakarsa ya yi gaba, kuma wanda ya biya kuɗin dukkan dararensa tun kafin ya bar gida ya ɗaure kansa da kansa. Wasu kuma sun ce garuruwan bakin teku ƙanana ne, gadajensu ba su da yawa, wanda ya je ba shiri yana iya kwana a tasha. Ina roƙon waɗanda suka san hanya su ba ni shawara a kan wannan. Sannan ina so in ji ko gari nawa ya kamata mutum ya sa a gaba a cikin 'yan makonni, da kuma yadda ake tsare kaya a ɗakin da mutum yake kwana tare da mutanen da bai sani ba. Na gode, Allah ya saka da alheri.

Dattijon Hanya ya rubuta:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Tambayarka ta gado tana da amsa, amma akwai wadda ta riga ta, kuma ita ce ta jadawalin mota. Yawancin masu shirin irin wannan tafiya taswira suke fara buɗewa, su ga garuruwa a jere a bakin ruwa, su ɗauka cewa mota tana bi ta kowanne ɗaya bayan ɗaya. Sau da yawa ba haka abin yake ba, saboda babbar hanya mai sauri takan ratsa ta cikin ƙasa nesa da ruwa, tsohuwar hanyar gaɓa kuma ita ce take lanƙwasa tana shiga kowane lungu, kuma motocin da suke bin kowacce daban ne.

Gaɓar ƙasar Kuroshiya da ke Turai misali ce mai kyau. Tsakanin Zadar da Split akwai motocin da suke hawa babbar hanyar A1 su isa da wuri ba tare da fasinja ya ga teku sosai ba, akwai kuma waɗanda suke bin tsohuwar hanyar gaɓa, D8, suna tsayawa a Biograd da Šibenik da Trogir. Sunan garin tashi da na sauka ɗaya ne a jikin tikitin, amma tafiyar biyu ce. Idan ƙaramin gari kake nufi, dole ka tabbatar cewa motar ta hanyar gaɓa ce, idan kuma ba haka ba za ta wuce da kai ta bayansa. A can kudu kuma Dubrovnik ba ta da layin dogo ko kaɗan, saboda haka wanda ya rasa motar ƙarshe ba shi da jirgin ƙasan da zai cece shi. Kafin a buɗe gadar Pelješac a watan Yulin 2022, duk motar da ta tashi daga Split zuwa Dubrovnik sai ta ratsa ɗan yankin Neum na ƙasar Bosniya, a duba fasfo a shiga, a sake dubawa a fita. Tun daga 1 ga Janairun 2023 Kuroshiya tana cikin yankin Schengen, wato rukunin ƙasashen Turai da ake shiga da biza guda, Bosniya kuwa ba ta ciki, don haka wanda yake riƙe da biza mai shiga sau ɗaya ya wajaba ya tambaya kafin ya sayi tikiti ko motar ta gada za ta bi ko ta Neum. Wannan ƙaramar tambaya ce da take iya raba mutum da babbar wahala a kan iyaka.

Abin da nake so ka yi shi ne ka ɗauki takarda, ka rubuta garuruwan da kake sha'awa, sannan a gaban kowanne ka rubuta abu uku: mota nawa take zuwa a rana, ƙarfe nawa ta ƙarshe take isa, da kuma ko jadawalin yana canjawa ranar Lahadi ko bayan lokacin baƙi ya wuce. Garuruwan bakin teku da dama suna rayuwa ne da lokaci. A tsakiyar lokacin zafi motoci suna da yawa, masaukai a buɗe, amma da zarar baƙi sun watse sai a rage motoci, wasu masaukan kuma su rufe ƙofa har wata shekarar. Kada ka manta cewa lokacin ya danganta da ɓangaren duniya. A gaɓar Bahar Rum cunkoson yana cikin Yuli da Agusta, a Afirka ta Kudu da kudancin Ostareliya kuwa Disamba da Janairu ne.

Da zarar ka gama wannan rubutu za ka ga cewa jerin garuruwanka ya ragu da kansa, kuma hakan alheri ne. Ranar tafiya ba ranar gani ba ce. Za ka tashi ka haɗa kaya, ka bar gado kafin ƙarfe goma ko sha ɗaya na safe kamar yadda yawancin masaukai suke buƙata, ka je tasha, ka yi zaman mota, ka nemi sabon masauki, wanda galibi ba zai ba ka gado ba sai bayan ƙarfe biyu ko uku na rana. Wanda yake sauya gari kowace safiya tashoshi kawai zai sani. A ganina kada ka kwana ƙasa da dare biyu a kowane gari, kuma garin da yake da mahaɗar motoci ko tashar jiragen fito ka ba shi uku ko fiye, ka riƙa fita daga nan zuwa ƙananan wurare kana dawowa ba tare da ɗaukar jaka ba. Split tana da wannan sauƙi, domin tashar mota da ta jirgin ƙasa da ta jiragen tsibirai duk suna wuri ɗaya, kuma tsohon garin yana kusa da su a ƙafa. Tashar Dubrovnik kuwa tana Gruž, nesa da ganuwar tsohon gari, sai an ƙara wata motar cikin gari.

Game da gado, ra'ayina shi ne ka kama daren farko da na ƙarshe tun daga gida, sauran kuma ka riƙa kamawa kwana biyu ko uku kafin ka isa. Ta haka kana da 'yancin ƙara kwana, kuma ba za ka sauka daga mota ba ka san inda za ka nufa ba.

Mai Taswira ta rubuta:

Malam Dattijo ya yi bayani mai gamsarwa a kan jadawali, kuma ba ni da abin da zan ƙara a nan. Amma batun kama gado kwana biyu ko uku kafin isa, ina da ja a kansa, domin shawarar tana aiki ne a manyan garuruwa ko a wajen lokacin cunkoso. Ƙaramin garin bakin teku yana iya kasancewa da masaukin haɗaka guda ɗaya ko biyu kacal, kuma a tsakiyar lokacin baƙi ko a ƙarshen mako mutanen cikin ƙasar ma suna gangarowa bakin ruwa. Idan gadajen nan suka cika, abin da ya rage shi ne otal, wanda kuɗin darensa ɗaya yana iya cinye na kwanaki da yawa. Ga mace kuma lissafin ya fi tsanani, saboda ɗakin mata zalla yakan zama ɗaya tak a cikin masaukin, kuma shi ne yake fara cika. Ni abin da nake yi shi ne in kama gadajen ƙananan garuruwa da na daren Juma'a da Asabar tun da wuri, in zaɓi irin kamun da ake iya sokewa ba tare da asara ba, in bar sassauci a manyan garuruwa inda zaɓi yake da yawa. A karanta sharaɗin sokewa da kyau, domin wani masaukin yana so a sanar da shi awa 24 kafin ranar, wani kuma 48 ko fiye.

Abu na biyu da ya kamata ɗan'uwanmu ya duba kafin ya biya shi ne lokacin da teburin karɓar baƙi yake rufewa. Ƙananan masaukai ba su da mai gadin dare. Na taɓa sauka a wani gari bayan motarmu ta makara, na tarar da titi shiru, an ja ƙofofin shaguna, fitila ɗaya ce take ci a saman ƙofar masaukin, babu kowa a ciki da zai amsa ƙararrawa. Abin da ya taimake ni shi ne na aika musu saƙo tun ina cikin mota, sai suka turo mini lambobin wani ƙaramin akwatin ƙarfe da ke manne a jikin bango, makulli yana ciki tare da takarda mai ɗauke da lambar ɗaki da ta gado. Duk lokacin da ka ga motarka za ta isa bayan faɗuwar rana, ka sanar da su tun da rana, kuma ka sauke taswirar garin a wayarka domin ta yi aiki ko babu intanet.

A kan tsaron kaya, yawancin masaukai suna da loka, wato akwatin ajiya mai kullewa, a ƙarƙashin gado ko a gefensa, amma ba duka suke ba da kwaɗo ba, saboda haka ka tafi da naka, ƙarami mai siririn baki, domin wasu lokokin ramin kwaɗonsu ƙanƙane ne. Fasfo da katin banki da kuɗi su zauna a ƙaramar jaka da ba ta rabuwa da jikinka, ko a mota ko a banɗaki. Babbar jaka za ta shiga ma'ajiyar kaya ta ƙasan mota, kuma a wasu ƙasashe, Kuroshiya na cikinsu, ana karɓar kuɗin kaya daban a liƙa wa jakar lamba a ba ka rabin takardar. Ka adana wannan takarda. Idan motar mai yawan tsayawa ce, zama a gefen da ake buɗe ma'ajiyar yana ba ka damar ganin abin da ake fitarwa a kowace tasha.

Ina so kuma a fahimci cewa masaukin haɗaka yana da ladubbansa, kuma su ne suke sa zaman ya yi daɗi. Asalinsa ma na tarbiyya ne. Wani malamin makaranta Bajamushe, Richard Schirrmann, shi ne ya fito da tunanin a 1909 domin ɗalibansa su sami wurin kwana mai sauƙi idan sun fita yawon buɗe ido, aka buɗe masauki na dindindin na farko a fadar Altena a 1912, aka kafa ƙungiyar ƙasa da ƙasa a Amsterdam a 1932, wadda a yau ake kira Hostelling International. A wancan zamani baƙi da kansu suke shara da wanke-wanke. Yanzu an daina tilasta wannan a mafi yawan wurare, amma ruhin yana nan. Wanda zai kama motar asuba ya haɗa kayansa tun dare, ya fita da su waje kafin ya fara buɗe leda da jan zif, kada ya kunna fitilar ɗaki a kan mutanen da suke barci. Wanda ya yi girki a kicin ɗin haɗaka ya wanke tukunyarsa nan take, ya rubuta sunansa da ranar tafiyarsa a kan abin da ya ajiye a firji. Abin toshe kunne da ƙyallen rufe ido kuma ba su da nauyi, amma a ɗaki mai gado takwas ko goma suna da amfani ƙwarai.

Ɗan Bakin Ruwa ya rubuta:

Sannunku da ƙoƙari, Malam Dattijo da Malama Mai Taswira. Ni zan yi magana a kan tekun kanta, domin ita ce ta bambanta wannan tafiya da kowace irin tafiyar jakar goyo.

Iskar bakin teku tana ɗauke da danshi da gishiri, kuma kaya ba sa bushewa da sauri kamar yadda mutum ya saba. Tawul mai kauri da aka cusa a jaka da ɗan jiƙonsa, kafin a yi awa biyar a cikin mota ya fara wari, bayan kwana biyu kuma funfuna ta kama shi ta shafi sauran tufafi. A nemi siririn tawul mai saurin bushewa, a ware jaka marar shigar ruwa domin jiƙaƙƙun kaya, a riƙa ɗauraye kayan wanka da ruwan famfo saboda gishirin da ya rage a jikin yadi yana jawo danshi. Kada a yi wanki da yamma idan gobe da safe za a tashi. Yashi kuma yana shiga zif da ramin cajin waya, don haka waya ta zauna a cikin leda mai rufewa idan an sauka bakin ruwa. Kafin ka ɗora jakarka a kan gado, ka ɗaga zanin ka duba ɗinkin katifa da sasannin katako. Idan ka ga ƙananan ɗigo baƙaƙe, alamar kuɗin cizo ce, ka nemi a sauya maka ɗaki. Wanki da ruwan da zafinsa ya kai digiri 60 yana kashe su har da ƙwayayensu.

Hanyoyin gaɓa suna da kwana da yawa, ga hawa da gangara. Wanda mota take sa shi jiri ya zauna a gaba, ya dubi nesa, ya ajiye waya, kuma idan zai sha magani ya sha kafin a tashi, domin bayan tashin zuciya ya fara ba ya amfani sosai. Yanayi ma yana iya tsayar da tafiya gaba ɗaya. A gaɓar Kuroshiya iskar da suke kira bura takan sa a rufe gadoji da wasu sassan hanya ga manyan motoci, a kuma dakatar da jiragen fito. Saboda haka kada ka kwana a tsibiri ko a gari mai nisa a daren da ya rage maka kafin jirgin komawarka.

Abin da ya fi duka muhimmanci shi ne shiga ruwa. Akwai igiyar ruwa mai ja zuwa cikin teku, wadda take ratsawa ta wani siririn wuri, kuma sau da yawa wurin yakan yi kama da inda ya fi kwanciya saboda raƙuman ruwa ba sa fashewa a nan. Wanda ta kama kada ya yi kokawa da ita yana neman komawa gaɓa kai tsaye, domin gajiya ce take kashe mutane. Ya bar jikinsa ya yi iyo a sama, ya ɗaga hannu ya nemi taimako, idan yana da ƙarfi ya yi ninƙaya a gicciye, daidai da layin gaɓa, har ya fita daga cikinta. A Ostareliya da Afirka ta Kudu da Birtaniya, tutoci masu launin ja da rawaya suna nuna wurin da masu ceto suke sa ido, kuma tsakaninsu kaɗai ya kamata a shiga. A arewacin jihar Queensland ta Ostareliya kuma akwai lokacin halittun ruwa masu dafi, daga kusan Nuwamba zuwa Mayu, inda ake iyo a cikin raga ko da rigar kariya. Mai son tafiya a ƙafa a ƙarƙashin duwatsun gaɓa ya duba jadawalin cika da janyewar ruwa. A yawancin gaɓoɓin manyan tekuna ruwa yana cika sau biyu a yini, tsakanin cika da cika kimanin awa 12 da minti 25, saboda haka lokacin yana matsawa da kusan minti 50 kowace rana, kuma hanyar da ka bi a bushe jiya da hantsi tana iya kasancewa a ƙarƙashin ruwa bayan 'yan kwanaki a daidai wannan lokaci. A Bahar Rum bambancin kaɗan ne, amma a gaɓar Atlantika ba abin wasa ba ne.

Sabon Matafiyi ya rubuta:

Na gode ƙwarai da gaske, Allah ya ƙara sani. Na fara rubuta jadawalin kamar yadda Malam Dattijo ya ce, kuma zan bi shawarar Malama a kan ƙananan garuruwa da ƙarshen mako. Saura tambaya ɗaya. Na ga ana sayar da tikitin dunƙule da yake ba mutum damar sauka ya sake hawa a duk inda ya ga dama a kan hanya ɗaya. Shin ya fi sayen tikiti ɗaiɗai?

Dattijon Hanya ya rubuta:

Malama Mai Taswira ta yi gaskiya a kan ƙananan garuruwa a lokacin cunkoso, kuma na karɓi gyaranta. Amsar tikitin dunƙule kuwa ta danganta da tsawon gaɓar da yawan kamfanonin da suke binta.

Inda hanya take da tsawo kuma layi ɗaya ce, yana da amfani. Gabashin Ostareliya daga Sydney zuwa Cairns ya haura kilomita 2,400, kuma masu jakar goyo suna tsayawa ne a wurare sanannu kamar Byron Bay da Brisbane da Noosa da Airlie Beach, shi ya sa kamfanin motocin bas na Greyhound na can yake sayar da irin wannan tikiti. A Afirka ta Kudu, a kan hanyar N2 tsakanin Cape Town da Gqeberha, garin da ake kira Port Elizabeth kafin 2021, akwai Baz Bus, wadda aka tsara musamman domin masu kwana a hostel, tana ɗaukar fasinja a ƙofar masauki ta sauke shi a ƙofar wani, ta garuruwa irin su Mossel Bay da Wilderness da Knysna da Plettenberg Bay da Storms River. Amfanin wannan ya wuce na kuɗi, domin yana cire maka tafiyar da ke tsakanin tasha da masauki, wadda ita ce ta fi wuya ga baƙo mai kaya, musamman da dare.

Inda kamfanoni suke da yawa kuma garuruwan suna kusa da juna, kamar gaɓar Kuroshiya, tikiti ɗaiɗai ya fi, saboda tikitin dunƙule yana ɗaure ka da motocin kamfani ɗaya alhali wata motar tana tashi a gabanka.

Kafin ka saya, ka haɗa kuɗin zangon da ka tabbatar za ka yi, ban da waɗanda kake fata, ka kwatanta da kuɗin dunƙulen. Ka duba ko yana ba da damar komawa baya ko gaba kawai yake tafiya, ka duba ko kwanakinsa a jere ake ƙirgawa, ka kuma duba ko motar kullum take bi ta garin da kake so. Sannan ka sani cewa riƙe tikitin bai ba ka kujera ba, kowane zango sai ka kama wurin zama a gaba, don haka a lokacin cunkoso ka kama kujera da gado a zama ɗaya, kujerar tukuna.